Ifran, Akshur ko Tazekka: wane gandun duwatsun Maroko ya dace da ƙananan yara?

Mai zuwa Maroko daga Damagaram, ko ziyarar ɗa da ke karatu a Fas ce ta kai shi, ko ganin likita a Kasablanka, ko saro kaya, yakan sami kwana uku ko huɗu a hannu kafin ranar jirgi. Idan da iyali aka je, maganar da ke tasowa ɗaya ce: ina za a kai yaran nan su ga abin da babu shi a gida? A arewacin ƙasar akwai gandun daji na ƙasa guda uku da ake yawan ambata, kuma dukansu a yankin dutsen farar ƙasa suke. Akwai Talasamtan, inda ƙauyen Akshur yake, kusa da garin Shafshawan. Akwai gandun Ifran a tsaunukan Atlas na tsakiya. Sai Tazekka a bayan garin Taza. A hoton waya duk ukun sun haɗu. Amma da goyo a baya da ɗan shekara huɗu a hannu, tazarar da ke tsakaninsu ta kai ta rani da damina.

Matsayarmu ita ce a yi zaɓin da ƙafar auta, kada a yi shi da kyawun hoto. Idan ƙaramin cikin yaran bai kai shekara biyar ba, Ifran. Idan duk sun haura shida kuma sun saba tafiyar ƙasa, Akshur ya fi ba da abin tunawa, da sharaɗin a tsaya a rabin hanya. Tazekka wurin yawo da mota ne da shimfiɗa tabarma, kuma kogonsa ba na yara ba ne. Akwai yaro guda da wannan lissafi ke juyewa a kansa, wato mai amosanin jini, za mu zo kansa. Amma dalilin duk wannan yana cikin dutsen kansa.

Dutsen can ba irin na Birni ba ne

Yaron da ya tashi a Birni ko Zango ya san hawan dutse tun kafin ya san hanyar lakwal. Wannan sanin ne ke yaudarar iyaye. Duwatsun Zandar giranit ne, fatarsu kaushi gare ta kamar dutsen niƙa, tana riƙe tafin ƙafa ko babu takalmi. Ba sa shan ruwa: in an yi sama ruwan ya gangara ya taru a tafki, ƙarƙashinsu kuwa babu ruwan kirki, shi ya sa ruwan famfon garin daga Gogo da Arunguza da Ganaram ake jawo shi.

Dutsen farar ƙasa, irin wanda ake fasawa a Malbaza ana yin siminti, halinsa akasin haka ne. Ruwan sama yakan ɗebi ɗan tsami daga iska da ruɓaɓɓen ganye, ya yi ta lasar dutsen shekaru dubbai. Tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo, kogi ya ɓace a ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a wani kwari. Kuna iya nuna wa yara wannan da idonsu: a kankare ɗan farin dutse ya yi gari, a matsa masa lemun tsami, a kai ido kusa, za a ga ƙananan kumfa na tasowa.

Abin da wannan ke nufi ga mai riƙe da yaro yana da yawa. Inda ƙafafun mutane da ruwa suka daɗe suna bi, dutsen yakan goge ya yi sumul kamar tayil, in ya jiƙe ya haɗu da gansakuka sai ya zama sabulu. Dutsen da ke sheƙi a bakin rafi, mai kama da an share shi domin a taka, shi ne ya fi kayar da mutum. Inda kuma ba a takawa, a kan tudu, ruwan sama ya sassaƙe shi ya bar tsagogi masu baki kamar wuƙa, daidai faɗin ƙafar ɗan shekara uku, ciyawa ta rufe su. Faɗuwar da a yashin gida kakkaɓewa kawai za a yi, a can ɗinki ce.

Ruwan ma haka. Yana fitowa daga dutse garai-garai, mutum ya rantse ya fi na gora tsabta. Amma yashi ne ke tace ruwa, shi kuwa wannan ta tsagogi ya biyo kamar ta bututu, ba abin da ya tace shi. Kashin awakin da ke kiwo a kan tudu da ruwan masan ƙauyen da ke sama suna iya riskar idon ruwan cikin ɗan lokaci. Babba ya sha ya kwana lafiya, ɗan shekara biyu ya kwana yana zawo. Kada yaro ya sha sai na gora ko tafasasshe. Ga shi da sanyi kamar na firji ko a watan Agusta, domin daga cikin tsauni ya fito. Kuma a kwazazzabo ruwa na iya ƙaruwa cikin mintoci saboda hadarin da ya zuba a can sama, alhali inda kuke rana ce tarwai. In ruwan ya fara sauya launi zuwa ja, ko ya fara kawo ganye da ƙirare, a kwashi yara a hau tudu, kayan su biyo baya.

Akshur: mafi kyau, mafi cin ƙafa

An kafa gandun Talasamtan a 2004 a tsaunukan Rif, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 590. An ware shi ne musamman domin wani itace mai ganye kamar allura wanda ba ya fitowa da kansa a ko'ina sai Rif. Tsauninsa mafi tsayi, Jabal Lakra, ya kai mita 2,159. Masu yara ba can za su ba. Inda kowa ke nufa shi ne Akshur, kimanin kilomita 30 daga Shafshawan, tafiyar minti 45 a mota. A allunan hanya za ku ga an rubuta Akchour da Chefchaouen.

Isa can aiki ne. Daga Kasablanka jirgin ƙasa mai gudu, Al Boraq, wanda ya fara aiki a 2018, yana kai mutum Tanja cikin awa biyu da ƴan mintoci. Daga Tanja zuwa Shafshawan sai mota, awa biyu zuwa biyu da rabi, domin layin dogo bai je can ba. Daga Fas kuwa kusan awa huɗu ne. Duk hanyoyin kwana-kwana ne a gefen tsauni, kuma yaran da suka saba da miƙaƙƙiyar hanyar Zandar zuwa Maradi sukan yi jiri su yi amai. Kada a cika musu ciki da madara ko maiƙo kafin tashi, a hana su kallon waya, a ajiye leda da kayan canji a jakar hannu, ba a but ba. Manyan tasi na can mutum shida suke ɗauka. Iyali mai mutum huɗu ko biyar gara su ɗauki shata, su yi ciniki har da dawowa da lokacin da direba zai jira, tun kafin a shiga.

A Akshur mota na tsayawa ne kusa da wata ƙaramar madatsar ruwa, daga nan hanya ta rabu biyu. Ta hagu tana bin rafin Kala'a zuwa matsirga, wato inda ruwa ke faɗowa daga dutse. Ta dama tana bin rafin Farda zuwa gadar dutse da ruwa ya huda da kansa, wadda ake kira Pont de Dieu, mai tsayin kusan mita 25 daga ruwa.

Gadar ce ke cikin yawancin hotunan da ake turawa, kuma ita ce muke cewa a bari. Hanya biyu ake zuwa mata. Ta sama hawa ce mai tsini, siririya, a gefen gangare, babu makari a wurare da dama, ƙasarta tsakuwa ce mai zamewa. Ta ƙasa kuma cikin rafin ake bi, ana tsallake duwatsu, wani wuri ana shiga ruwa. Babba mai lafiya minti 45 zuwa awa ɗaya ya ishe shi. Uwa mai goyo ba ta ganin inda take sa ƙafa da kyau idan tana gangarowa, nauyin ɗa kuma yana rinjayar ta baya. Uba mai ɗauke da yaro a wuya ba shi da hannun dafawa. Ɗan ƙasa da shekara takwas ba shi da abin yi a hanyar sama.

Hanyar matsirga ta fi sauƙi a farkonta. Akwai inuwa, akwai ƙananan gadoji da duwatsun siminti da aka jera a ruwa domin tsallakawa, akwai rumfunan masu tajin (dahuwar nama da kayan lambu irin ta Maroko) da lemun zaƙi da shayi, wasu ma cikin ruwa suka dasa teburansu. Ƙaramar matsirga tana kimanin awa ɗaya ga babba. Babbar kuwa awa biyu zuwa biyu da rabi ce zuwa kawai, sai kuma a dawo. A nan ake yin kuskuren da ya fi yawa: a ji awa biyu, a manta cewa lissafin ƙafar saurayi ne. Da ɗan shekara biyar ninka lokacin ake yi, saboda zai tsaya jifa a ruwa, zai nemi fitsari, zai cire takalmi ya fitar da tsakuwa. Tafiyar awa biyar ta zama ta goma, kuma rana na saurin ɓacewa a kwazazzabo. A yanke tun a gida cewa ƙaramar matsirga ce iyaka, kuma ko ba a kai ba, ƙarfe ɗaya na rana a juya. Yara ba su san an rage musu komai ba. Abin da za su riƙa ba da labari a Sabon Gari shi ne ruwa kore shar da suka tsoma ƙafa a ciki.

Duwatsun tsallake an jera su ne da takun babba. Ɗan shekara huɗu ba ya kaiwa sai ya yi tsalle, ya sauka a jiƙaƙƙen siminti. Babba ya fara tsallakawa ya kafa ƙafa, sannan a miƙo masa yaron, a riƙe shi a wuyan hannu, domin tafin hannu mai gumi yana suɓucewa. Game da wanka, tsoma ƙafa da wasa a inda ruwa bai wuce gwiwar yaro ba ya isa, minti goma zuwa sha biyar. Garai-garan ruwan na ɓoye zurfinsa, inda ake ganin tsakuwar ƙasa kamar a miƙa hannu a ɗauka yana iya shanye babba. Leɓen yaro ya fara duhu ko haƙora sun fara kaɗawa, a fitar da shi, a cire jiƙaƙƙun kaya nan take. Sannan a bakin rafukan Rif akwai wani tsiro mai dogon ganye da fure ruwan hoda, Larabawan can na kiran sa difla. Ganyensa da furensa da itacensa duk dafi ne. Ƴan mata ƙanana na son tsinkar furen, daga hannu kuma sai baki.

Keken tura jariri ba shi da amfani a Akshur ko kaɗan. Zane da majanyi sun fi shi nesa ba kusa ba. In wani abu ya faru, sai an fito da yaron a ƙafa zuwa mota, sannan minti 45 zuwa asibitin Shafshawan, kuma waya ba ko'ina take kamawa a kwarin ba. Wannan shi ne babban abin da ke rage wa Akshur maki a wurinmu. Abin da ke ƙara masa kuwa shi ne garin Shafshawan kansa, wanda aka kafa a 1471, mai gidaje shuɗɗa. A gefensa akwai idon ruwan Ras al-Ma, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga tsaunin farar ƙasa, tafiyar ƴan mintoci daga tsakiyar gari. Idan da Hajiya kaka aka zo, ita da jariri su tsaya nan, manyan yara su tafi Akshur da mahaifinsu.

Ifran: inda mota ke kai ku bakin abin kallo

Daga Kasablanka jirgin ƙasa na zuwa Fas cikin kusan awa huɗu, daga Fas zuwa Ifran kimanin kilomita 65, awa ɗaya a kan kwalta mai kyau. Faransawa ne suka gina garin a 1929 domin gudun zafi, yana kan tsayin kusan mita 1,650, Zandar kuwa ba ta kai 500 ba. Gandun da ke kewaye da shi, shi ma na 2004 ne. Ƙasar wurin faffaɗan tudu ne na farar ƙasa, wanda a wasu wurare baƙin dutsen tsohon aman wuta ya lulluɓe. Saboda tudu ne ba kwazazzabo ba, hawa da gangara kaɗan ne, kuma kusan duk abin da za a gani yana kusa da inda mota ta tsaya. Wanda ya taɓa ɗaukar yaro mai barci na awa ɗaya ya san darajar wannan.

A cikin gari akwai filayen ciyawa da tafki da zakin dutse da kowa ke hoto da shi, kuma nan keken jariri na tafiya. Kimanin kilomita uku daga gari akwai Ain Vittel, rafi mai inuwa da ƙananan matsirgu, da masu hayar doki. A yi cinikin dokin kafin a ɗora yaro, mai dokin ya riƙe linzami, babba ya bi a gefe, ɗan ƙasa da shekara huɗu kuma kada ya hau shi kaɗai. Tafkin Dayat Awa, wanda tsofaffin hotuna ke nuna shi cike da kwale-kwale, ya ƙafe a shekarun farin da Maroko ta sha. A kan farar ƙasa yake zaune, ruwansa haɗe yake da na ƙarƙashin ƙasa, ga rijiyoyin gonakin tuffa na zuƙa. A tambayi direba ko mai masauki halin da yake ciki kafin a biya kuɗin mota.

Abin da ke kai mutane Ifran shi ne dajin sidar da birai, a hanyar Azru, kilomita 17 ko 18 daga Ifran. Itatuwa ne masu tsayin gaske, ƙarƙashinsu fili, ga sanyin inuwa. Biran marasa wutsiya ne, a Maroko da Aljeriya da Jibiralta kaɗai ake samun su a sake, kuma suna cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. A wurin da ake kira Cèdre Gouraud sun saba da mutane fiye da kima, saboda masu tallan gyaɗa na sayar wa baƙi su ba su.

A nan haɗarin Ifran yake. Babban namijin birin nan nauyinsa ya kai kilo 15, wato daidai da ɗan shekara uku ko huɗu, kuma yana da fiƙa. Ga yadda abin ke faruwa: yaro na riƙe da ledar biskit, biri ya sauko ya zauna kamar ba ruwansa, ya matso, ya kama ledar. Yaro ya ƙi saki domin tasa ce, ya ja, biri ya ja, sai cizo ko yakushi. Maganinsa kada yaro ya riƙe komai na ci ko leda mai ƙara a hannu. Abinci ya zauna a mota, a ci a can nesa. A gaya wa yara tun a hanya cewa ba a zura wa biri ido, ba a taɓa jaririnsa, in ya kama abu a sakar masa. Kallo daga taku biyar zuwa goma ya wadatar, ƙananan kuma a ɗauke su a hannu. In tsautsayi ya gitta, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar domin allurar haukan kare, ko da ƙwarzane ne. Haka in karen makiyaya ne, don suna da yawa a tudun. Akwai asibiti a Azru da Ifran, ga Fas kusa, abin da Akshur ba shi da shi.

Daga ƙarshen hunturu zuwa bazara akwai wata tsutsa mai gashi da ke saukowa daga itatuwan sidar da danginsu, tana tafiya a ƙasa jerin gwano, kai da gindi. Babu yaron da zai gan ta bai tsuguna ba. Gashinta na sa ƙaiƙayi da kumburi, in ya shiga ido kuwa sai likita. A kalla a tsaye, kada a taɓa ko da kara.

Sai sanyi. A Ifran aka auna sanyin da ake ambata a matsayin mafi tsanani a Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifiri, a Fabrairun 1935. Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara na sauka, hanyoyi na cunkushewa a ƙarshen mako da masu zuwa tudun Mishlifan da ke kusa wasan zamiya a ƙanƙara. Yara na son ganin ƙanƙara, amma rigar sanyin da ake sawa a hunturun Damagaram ba ta yin komai a can. Ana bukatar riga uku a jere, hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmi mai hana ruwa da safa ta canji, kuma wasan kada ya wuce rabin awa a jere. Ko da rani ne, rana na faɗuwa iska ke juyawa, don haka rigar sanyi ɗaya ga kowane yaro dole ce.

Tazekka

Shi ne mafi tsufa cikin ukun, tun 1950, kuma mafi ƙarancin baƙi. Taza tana kan layin dogon Fas zuwa Wujda, kimanin kilomita 120 daga Fas. Daga garin hanya ke hawa ta zagaya gandun, ta wuce matsirgun Ras al-Ma na can, da faffadan kwarin Dayat Shikar wanda ruwansa ke zurarewa ƙarƙashin ƙasa, da wurin hutu na Bab Budir, ga tsaunin Tazekka mai mita 1,980. Ba tare da motar haya ko shata ta yini guda ba babu yadda za a yi, kuma wuraren sayen abinci ba su da yawa, sai a taho da guzuri.

Sunan gandun ya fito ne saboda kogon Firiwato, rami mai zurfin gaske da ake sauka cikinsa ta matakala sama da 500, masu tsayi, jiƙaƙƙu, daga ƙasa kuma sai rarrafe a taɓo da tocila. An rufe shi ga jama'a a 2016 bayan faɗowar dutse da ta yi sanadin rai. Ko kun tarar an buɗe, ba wurin ƙaramin yaro ba ne: wanda ya sauka da ƙafarsa a kafaɗa zai hau. In aka cire kogon, abin da ya rage daji ne mai kyau da shiru, wanda Ifran ke bayarwa da sauƙi fiye da haka. Tazekka na wanda ɗansa ke karatu a Taza ko Wujda ne, ko wanda ya riga ya ga sauran biyun. In an shimfiɗa tabarma a can, babba ya fara zagaya wurin da ƙafa ya duba ramuka kafin a saki yara.

Yaro mai amosanin jini, da zazzaɓin da aka taho da shi

Sikila ba baƙon ciwo ba ne a gidajenmu, kuma abin da ke tayar da shi sananne ne: sanyi, ƙishirwa, gajiya, da ƙarancin iska a wuri mai tsayi. Ifran ya haɗa tsayi da sanyi, wuraren dajin ma sun fi garin tsayi. Ga irin wannan yaro shawarar da muka bayar a sama ta faɗi. Shafshawan, mai tsayin kusan mita 600, ya fi dacewa, a tsaya a gari da Ras al-Ma da farkon hanyar Akshur, kada ya shiga ruwan ko kaɗan, a riƙa ba shi ruwan sha ko bai nema ba. A ga likitansa a Zandar kafin a sayi tikiti, a faɗa masa tsayin wurin da lamba, a taho da magungunansa da takardar da ke bayyana ciwon da Faransanci.

Na biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2010 cewa Maroko ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka likitan ƙaramin gari a can ba lallai tunaninsa ya fara zuwa kansa ba. Yaron da ya baro Damagaram a Agusta ko Satumba yana iya tahowa da shi a jini, ya tashi bayan mako guda ko biyu. Jikin yaro ya yi zafi, kada a ce sanyin tsauni ne a tsaya kan farasitamol. A je asibiti, a faɗa da baki cewa daga Nijar aka zo, a nemi gwajin jini a ranar.

Wane wata, da me za a ɗauka

Daminar arewacin Maroko a lokacin hunturunmu take, daga kusan Nuwamba zuwa Afrilu, raninsu kuma ya faɗo a daminarmu. Babban hutun lakwal, Yuli da Agusta, shi ne lokacin da Akshur ke cika maƙil, har a yi layi a kan duwatsun tsallake, masauki a Ifran kuma ya yi tsada. Ga wata dama da mutanenmu ke da ita: makarantun Maroko na komawa a farkon Satumba, na firamaren Nijar kuwa a al'ada sai Oktoba. Makonni biyu na tsakiyar Satumba, ranar aiki ba Asabar ko Lahadi ba, sun fi kowane lokaci sauƙi da yara. Abin da za a rasa shi ne ƙarfin matsirga, domin ruwa ya ja baya, amma ga mai ƙananan yara wannan riba ce. Afrilu da Mayu sun fi kyan gani, sai dai rafuka a cike suke, duwatsun tsallake wani lokaci a nutse.

A tuna yaran sun riga sun sha hanya: kusan kilomita 900 daga Zandar zuwa Yamai, sannan jirgi na awa uku da wani abu. A ba su kwana ɗaya cur na hutu kafin a nufi tsauni. Ifran na yiwuwa a yini guda daga Fas, a je a dawo. Akshur na son kwana biyu a Shafshawan. Wajen kuɗi, dirhami ɗaya ya kama kusan sefa 60, kuma a riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin masu tasi da rumfuna da masu gadin mota ba sa karɓar kati.

Takalmi shi ne kan gaba. Silifa da fade su ke kai yara ƙasa a dutsen nan. Kambas mai ƙasan roba mai zane, wanda yaron ya riga ya saba da shi, ba sabo fil da zai ci masa dunduniya ba. Uwa ma haka, kuma zane ko abaya kada su kai ƙasa, a ɗaure gyale yadda hannu biyu za su zama a sake. Ruwa lita ɗaya ga kowane yaro na rabin yini, lita ɗaya da rabi zuwa biyu ga babba. Dabino da burodi da ayaba, kayan canji cikakku a leda, tawul ƙarami, famfas da ledar da za a dawo da shi, don babu kwandon shara a hanya. Filasta da bandeji da maganin wanke ciwo, da ƙullin gishirin zawo guda uku ko huɗu, kowanne a narka shi a lita ɗaya ta ruwan gora, ba a rabin lita ba. A sa wa kowane yaro takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar wayar Maroko ta mahaifinsa. Lambobin gaggawa a can su ne 15 na ƴan kwana-kwana da motar asibiti, 19 na ƴan sanda a cikin gari, 177 na jandarma a ƙauye da daji.

Kafin a sauka daga mota, maigida da uwargida su raba yaran da suna: wane naka, wance tawa. A bakin ruwa yaro na faɗawa ne a lokacin da kowane babba ke zaton ɗayan ne ke kallo, musamman lokacin hoto da lokacin salla. In za a yi salla, a yi ta bi da bi, ɗaya na yi ɗaya na riƙe da yara, kuma alwala da ruwan gora a kan busasshiyar ƙasa, ba a tsugune a kan dutsen bakin rafi ba.